Bimbini a Addinin Buddha: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Karanta

Sananne ne wurin malaman Usulu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa. Bimbinin mabiya Buddha yana shigo wa Musulmi ta manhajojin waya da shawarwarin likitoci, tun bayan da Jon Kabat-Zinn ya mayar da shi hanyar rage damuwa a Amurka a 1979. Wanda za a tambaya hukuncinsa yana buƙatar karatu mai tsari.

A fara da magabatanmu. Shahrastani (ya rasu 548 bayan Hijira) ya ambaci mabiya Buddha a al-Milal wan-Nihal, sai dai a taƙaice. Biruni kuwa, ko da yake Tahƙiƙu ma lil-Hind ya fi mayar da hankali kan Hindu, ya koyar da manhaji: a kawo maganar mutane yadda suka faɗe ta kafin a auna ta.

Daga nan sai tushen kansa. Satipatthana Sutta, nassi na 10 a kundin Majjhima Nikaya, ya kasa lura gida huɗu: jiki, abin da ake ji, halin zuciya, da abubuwan da ke bijiro mata. Visuddhimagga, wanda Buddhaghosa ya rubuta a Sri Lanka a ƙarni na 5 Miladiyya, ya jera tafiyar mataki uku: ɗa'a, tattara hankali, da hikima, kuma ya lissafa abubuwa 40 da ake bimbini a kansu. Littafin Walpola Rahula, What the Buddha Taught (1959), zai sauƙaƙa wa mai farawa waɗannan istilahohi.

Bayan haka a koma babin Muraƙaba da Muhasaba da babin Tafakkuri a Ihya'u Ulumid Din na Imam Ghazali, tare da littafin Malik Badri kan tafakkuri. A nan ne bambancin zai bayyana. Bimbinin Buddha yana nufin mutum ya gane cewa babu wata rai tabbatacciya a cikinsa, kuma ba ya dogara da imani da Mahalicci. Muraƙaba kuwa ginshiƙinta sanin bawa cewa Allah Maɗaukaki yana ganinsa.

Wanda ya bi wannan tsari zai iya rarrabe lura da numfashi don samun natsuwa daga aƙidar da aka gina bimbinin a kanta. Ta haka zai tsira daga haramta abin da bai sani ba, da kuma kiran kowane zaman shiru da sunan zikiri. Allah ne Masani.