Ƙarin Mahaifa Da Zaɓen Hanyar Magani

Akwai wata cuta da ke wahal da matanmu ƙwarai, amma kunya ta hana a yi zancenta. Ita ce ƙarin mahaifa, watau curin nama da ke tsirowa a jikin mahaifa. Ba ciwon daji ba ne, ba kuwa sammu ba. Mata da yawa suna da shi bai dame su ba, su sai lura kawai. Zancenmu yau a kan wadda ya hana wa sakat ne: jinin al'ada ya yi ta zuba har jiri ya riƙa ɗibarta, ko ciki ya tasa kamar na mai juna biyu.

In likita ya ɗauki hoton ciki ya ga girman ƙarin da mazauninsa, manyan hanyoyi huɗu ne a gabanta.

Ta fari, magani. Akwai ƙwayoyi masu rage zubar jini, da na ƙara jini. Akwai kuma allurar da ke sa ƙarin ya motse, amma ba a cika wuce wata 6 ana yinta ba, gama tana rage ƙarfin ƙashi. In an daina kuwa, ƙarin ya kan komo.

Ta biyu, tiyata, a cire ƙarin a bar mahaifa. Ita ta fi dacewa da mai neman haihuwa, sai dai wani na iya sake tsirowa.

Ta uku, a toshe jijiyoyin jini da ke ciyar da ƙarin, ta wani siririn bututu. Likitocin Faransa suka bayyana wannan dabara a 1995. Akan warke da wuri, amma ba a cika zaɓa wa mai son haihuwa ita ba.

Ta huɗu, a cire mahaifar ɗungum. Ƙari ba ya komowa, amma haihuwa ta ƙare ke nan.

To, abu uku ke raba gardama: tsananin wahalar, da shekarun matar, da ko tana sauran son haihuwa. Wadda ta kusa daina al'ada tana iya lallaɓawa da magani, domin ƙarin ya kan motse bayan nan. Ƙuruciya kuwa ta nemi hanyar da za ta tsare mata mahaifa.

Muna roƙon magidanta su bar matar ta faɗi nata ra'ayi a gaban likita, gama jikinta ne. Kada tsoron wuƙa ya sa a zauna gida har jini ya ƙare. Tun ran gini, ran zane. Allah ya ba mu lafiya, amin.