Me ke sa wayar cikin sitiyari ta yi ta tsinkewa?

Jama'a, masu tsofaffin motoci da dama na kukan an canza musu wayar cikin sitiyari, ba a jima ba oda ta sake mutuwa, fitilar jakar iska ta kunnu. Wayar nan falle ce, naɗe kamar tabarma a bayan sitiyari, ita ke kai wuta ga oda da jakar iska. A galibin motoci, juyinta bai wuce biyu da rabi zuwa uku a kowane gefe ba.

Sau da yawa matsalar daga wajen ɗaurawa take. In makanike bai saita ta a tsakiyar juyinta ba, ranar da direba ya karya kan mota har ƙarshe, sai ta tsinke. Haka ma in an kwance sandar sitiyari wajen gyara, aka bar shi yana juyawa sakaka.

To, mu tabbatar an cire batir, an jira ƴan mintoci, tayoyin gaba sun miƙe sak kafin a ɗaura sabuwa. Kada mu raina fitilar nan: muddin tana kunne, jakar iska na iya ƙin buɗewa ranar hatsari. Allah Ya kiyaye hanya.