Haɗarin Farfelar Jirgin Sama ga Ma'aikatan Ƙasa

Farfelar jirgin sama idan tana juyawa ba ta ganuwa sosai. Ido ba ya iya bin fukafukanta, sai dai wani dishi-dishi kamar na fankar da aka ƙure wa gudu, da dare kuwa ko hakan babu. Jirgin ATR 72, wanda ke jigilar fasinja a ƙasashe da dama har da Najeriya, farfelarsa na da fukafukai 6, faɗinta ya kusa mita 4. Idan injin ya ba da cikakken ƙarfi tana juyawa sau 1,200 a minti, ƙarshen fukafukan na gudun da ya kusa kilomita 900 a awa. Wanda ta taɓa, da wuya ya kai labari.

Ma'aikatan ƙasa su ne a bakin haɗarin: masu lodin kaya, masu zuba mai, masu sa waigi a taya da masu cire wayar janareto. Aikinsu dab da jirgi yake, kunnuwansu a toshe saboda ƙara, ga gaggawar kada jirgi ya makara. Sabo ma yana cutarwa. Mutumin da ya saba ratsawa ta gefen farfela tana tsaye, wata rana ƙafarsa za ta bi hanyar nan farfelar tana juyawa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tsayuwar farfela ba ta nufin an tsira. Ƙananan jirage masu injin fistan, irin su Cessna 172, suna samun tartsatsin wuta daga maganeto ne, wanda bai dogara da batir ba. Makulli yana kashe shi ta wata siririyar waya. Idan wayar ta tsinke, juya farfela da hannu kaɗan zai iya tayar da inji alhali makulli na aljihun matuƙi. Shi kuma ATR yana da birki a farfelar dama, wanda ke riƙe ta yayin da injin ke ci gaba da aiki don samar da lantarki da sanyi. Da zarar an saki birkin, sai ta kama juyi. A wasu jiragen kuma farfela kan ci gaba da juyawa shiru bayan an kashe inji, ko iska ta kaɗa ta, shi ya sa ake ɗaure ta idan an ajiye jirgi.

Ƙa'idar aiki ba ta da wuya. Ba a kusantar jirgi sai jar fitilarsa mai ƙyaftawa ta mutu, farfela ta tsaya cak, kuma mai ba da hannu ya yi izini. Ba a ratsa da'irar farfela ko jirgin ya kwana a ajiye. Ana fentin ƙarshen fukafukan da launi mai haske, ana jera robobin alama a gabansu, matuƙin ƙaramin jirgi kuma kan ɗaga murya ya yi kashedi kafin ya tayar da inji.