Surayya: Sabon Suna a Rajista, Tsohuwar Tauraruwa a Sama

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe yana kiran sunayen ɗalibai a makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun, ya san cewa rajistar aji tana sauya kama daga zamani zuwa zamani. Har gobe A'ishatu da Fatima da Hauwa'u da Maryamu su ne suka cika shafi, amma jefi-jefi akan ci karo da sunan da kakannin yarinya ba su saba jin sa a bakin mai raɗa suna ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Surayya. Idan aka tambayi mai sunan ma'anarsa, sau da yawa amsar ba ta wuce cewa sunan Larabawa ne. Abin mamaki kuwa shi ne, tsohon manomin da ke ganin sunan baƙo ne ya fi kowa sanin abin da ake nufi da shi, domin ya shekara da shekaru yana dubansa a sama. Surayya ita ce tarin taurarin nan da Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, ko kuwa Kaza da Ɗiyanta a bakin Bazamfare.

Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, daga saiwar da ke nuna yalwa da wadata. An gina ta bisa sigar ƙaranta abu, wato kamar a ce 'yar ƙarama mai yalwa, saboda taurari ne masu yawa suka cunkushe a ɗan ƙaramin fili. Don haka ne ma Larabawa suke kiran fitilar ado mai ƙwayaye da yawa, wadda ake ratayawa a rufin masallaci ko fada, da wannan suna.

Akwai wani darasi na ilimin harshe a nan. Harafin farko na kalmar shi ne wanda ake furtawa da sa bakin harshe tsakanin haƙora, kuma babu irin wannan sauti a Hausa. Saboda haka Bahaushe yakan mayar da shi ɗayan biyu. A kalmomin da suka shigo ta hannun malamai da littattafai yakan zama "s", kamar a Usman da Sani da Salisu da Surayya. A wasu kalmomin kuwa na ƙidaya da kasuwanci yakan zama "t", kamar a talatin da tamanin da Litinin. Ke nan harafin da ya buɗe sunan Surayya shi ne ya buɗe sunan Talata, ranar da garin Talata Mafara ya ci sunanta, kuma ita ce ta ba mu sunan Talatu. Talatu da Surayya da ke zaune a benci ɗaya, sunayensu da harafi ɗaya suka fara a Larabce.

Shigowa ta Farko: Lissafin Manoma

Tun kafin a fara raɗa wa 'ya'ya mata wannan suna, malaman hisabi na ƙasar Hausa sun san shi. A lissafin da suka gada daga Larabawa, an kasa shekara zuwa taurari 28, kowace tauraruwa tana da kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14. Idan aka haɗa sai a sami kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Surayya tana cikin taurarin ƙarshen bazara, sannan Dabaran ta biyo ta, daga nan sai taurarin damina. Wani masani ɗan Ingila mai suna Mervyn Hiskett ya wallafa nazari a 1967 a kan yadda wannan lissafi ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa.

Dalilin da ya sa wannan tauraruwa ta dace da aikin manomi a fili yake. Yayin da duniya take zagaya rana sau ɗaya a shekara, akan kai lokacin da rana take shiga tsakaninmu da Kaza. Wannan yana faruwa ne wajen 20 ga watan Mayu. Makonni kafin nan Kaza takan ɓace cikin hasken faɗuwar rana, sannan ta sake bayyana a gabas da asuba cikin watan Yuni. A ƙasar Zamfara kuwa wannan shi ne lokacin da hadari yake haɗuwa, ake gyaran gona ana jiran ruwan shuka. Tauraruwa ba ta kawo ruwa. Agogo ce kawai wadda ba ta bukatar batir.

Mece ce Surayya a Kimiyyance?

Mai ido lafiyayye yakan ƙirga taurari shida ko bakwai a cikinta. A 1610 masanin nan na Italiya, Galileo, ya dube ta da madubin hangen nesa, ya zana taurari 36. A ƙarni na 18 Bafaranshen nan Charles Messier ya sa ta a lamba ta 45 cikin jerinsa, shi ya sa masana suke kiranta M45. A yau an san tarin ya ƙunshi taurari fiye da 1,000, waɗanda aka haifa tare daga gajimaren iska da ƙura guda ɗaya. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ɗauke su iyali guda.

Shekarunsu kimanin miliyan 100 ne, alhali ranarmu ta kai shekara miliyan 4,600. Wato dai jarirai ne a cikin taurari. Manyan cikinsu sun fi rana zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa haskensu yake da shuɗi-shuɗi.

Nisansu ma abin lura ne. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma yakan iso mana daga rana cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Amma daga Surayya sai ya yi tafiyar shekara kusan 440. An ma yi jayayya a kan wannan adadi, domin kumbon Hipparcos da aka harba a 1989 ya ba da nisan da bai kai shekara 400 ba, sai kumbon Gaia da aka harba a 2013 ya tabbatar da adadi na sama. Ma'ana, hasken da mai karatu zai gani a daren yau ya baro can ne tun Birnin Zamfara yana tsaye, fiye da shekara 200 kafin jihadin 1804.

Shigowa ta Biyu: Sunan 'Ya Mace

A ƙarni na 20 sunan ya yi tashe a ƙasashen Musulmi ta dalilin wasu fitattun mata. Akwai Sarauniya Surayya Tarzi, matar Sarki Amanullah na Afganistan wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1929. Akwai Surayya wadda Sarkin Iran Muhammad Riza Pahlawi ya aura a 1951, suka rabu a 1958. Akwai kuma Suraiya ta Indiya, mawaƙiya kuma 'yar fim, wadda ta rayu daga 1929 zuwa 2004.

A ƙasar Hausa, a da yarinya takan sami sunan yanka daga 'yan sunaye kaɗan na gidan Annabi da sahabbai, sannan a laƙaba mata na rana ko na yanayi, kamar Ladi da Jummai da Marka da Azumi. Daga baya ƙofofi suka buɗe: zuwa Hajji ta jirgin sama, yaɗuwar makarantun Islamiyya, karatu a Masar da Sudan da Saudiyya, finafinan Indiya, littattafan soyayya na Kano tun daga shekarun 1980, da finafinan Hausa tun daga 1990. Iyaye suka shiga neman suna mai daɗin faɗa, mai asali a Larabci, wanda kuma babu irinsa a gidan maƙwabci. Surayya ta cika waɗannan sharuɗɗa duka.

Sunan ya ma sake shigowa ta wata ƙofar. Wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, wadda wani kamfani na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka kafa a 1997 ya fito da ita, daga wannan tauraruwa ta sami sunanta, amma a bakin jama'a sai ta zama Turaya. Haka nan tambarin motar Subaru hoton Kaza ne, domin sunanta ke nan da harshen Japananci.

Abin da Ke Neman Ɓacewa

Yayin da sunan yake shiga rajista, sanin tauraruwar yana fita daga zukata. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, manomin rani a wannan yanki ya koma sauraron ranar da za a saki ruwa. Hasashen damina kuwa ana jin sa a rediyo. Wannan ci gaba ne, amma idan dattawan da suka iya lissafin taurari suka ƙare ba a rubuta abin da suka sani ba, an yi asarar ilimin da aka tara cikin ɗaruruwan shekaru.

Aiki ga Ɗalibai

Na farko, a nemi izinin shugaban makaranta a ɗauko rajistar 1990 da ta 2005 da ta bana. A ƙirga sunayen farko kawai, a fitar da kason kowane suna cikin ɗari, a kuma ɗauki Surayya da Suraiya da Surayyah a matsayin suna ɗaya. Idan makarantun garuruwan uku suka haɗa sakamakonsu, za a ga wane suna ne yake hawa, wane ne yake sauka.

Na biyu, daga watan Nuwamba a tsaya a tsakar gida bayan sallar Isha'i, a kashe fitila, a fuskanci gabas. Za a ga Kaza ta ɗago, kuma wajen tsakar dare takan kai kusan tsakiyar sama, ta ɗan karkata arewa. Kowa ya rubuta adadin da idonsa ya gani.

Na uku, a sami dattijo manomi ko malamin hisabi a tambaye shi sunayen taurarin damina da aikin da ake yi a kowace, a rubuta da irin lafazinsa.

Kammalawa

Sunan da ake ɗauka baƙo ashe ɗan gida ne da ya dawo cikin sabuwar riga. Ya kamata duk yarinyar da ake kira Surayya ta iya ɗaga hannu ta nuna takwararta a sama, kuma malaminta na kimiyya shi ya fi cancanta ya fara nuna mata.