Sunayen Taliya a Gidajen Abincin Ƙasar Sin

Ɗan kasuwar da ya taso daga Maradi ko Damagaram zuwa Guangzhou sayen kaya, da wuya ya kwana biyu bai shiga ɗaya daga ƙananan gidajen abincin nan masu alamar "qingzhen" ba, wato halal. A idonsa duk abin da ke cikin kwanuka taliya ce. A bakin mai gidan kuwa kowace da sunanta, kuma sunan ne ke faɗin garin da aka kwaɓa, da yadda aka sarrafa shi, da yankin da ya fito.

Rabuwa ta farko tana tsakanin "mian" da "fen". Mian ta alkama ce, cimar arewacin ƙasar, fen kuwa galibi ta shinkafa ce, cimar kudu. Wanda ya nemi mian a Guilin, garin da ya shahara da "mifen", bai nemi abincin garin ba. Kalmar taliya ɗaya ta Hausa ta haɗiye wannan bambanci duka, abin da ke sa mai fassara dogon bayani.

Wadda Musulmi baƙo ya fi saurin haɗuwa da ita ita ce ta Lanzhou, babban birnin lardin Gansu, wadda ake danganta asalinta da wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi, a 1915. Da hannu ake jan kwaɓin, a ninka, a sake ja, har ya zama zare. Daga nan sunan "lamian" ya fito, domin "la" na nufin ja. Ana auna kyawun kwanon da abubuwa biyar: romon naman sa garau, farin yankan wata saiwa, jan man barkono, koren ganye, da taliyar kanta mai ɗan rawaya. Mai saye shi ke zaɓen kauri, kuma a nan harshe ya yi rawar gani: mafi siriri ana ce masa "maoxi", siririn gashi, wani mai ɗan faɗi kuma "jiuye", da sunan ganyen wani tsiro dangin albasa. Abin lura shi ne mutanen Lanzhou kansu ba su cika cewa lamian ba, "niurou mian" suke cewa, taliyar naman sa. Yawancin shagunan da ke ɗauke da sunan birnin a sauran garuruwa ma na ƴan Hualong ne, daga lardin Qinghai. Kalmar ta yi tafiya: ita ake ji a "laghman" na Uigur, kuma da ita ake danganta "ramen" na Japan.

Larduna biyu maƙwabta sun fi jan hankalin ɗalibin sauti. A Shanxi ana fiƙe kwaɓin da wuƙa kai tsaye cikin tukunya, a kira shi "daoxiao mian". A Shaanxi akwai "biangbiang", mai faɗi kamar ɗamara. Baƙaƙe da wasulan sunayen lardunan iri ɗaya ne, karin sautin gaɓar farko ne kawai ya raba su, kamar yadda kari ya raba kuka ta miya da kukan jariri. Harafin "a" na biyu da ake ƙarawa a rubutun boko dabara ce ta cike gurbin karin da ba a rubutawa.

Ita biangbiang amsa-kama ce, ana cewa daga ƙarar da kwaɓin ke yi idan an maka shi a kan tebur ta samo suna. Alamar rubutunta tana da zane fiye da 50, ba ta cikin ƙamusoshin da aka saba amfani da su, kuma sai a 2020 ta shiga tsarin Unicode na kwamfuta. Kafin nan masu gidajen abinci da dama a Xi'an da hannu suke zana ta a allon ƙofa, ko su rubuta sunan da haruffan boko.