Datse Rassan Itatuwan Kasuwa

Ya kai dagaci, itatuwan kasuwa amana ce a hannunka. Ko a Ƙanƙara kake, ko Faskari, ko Sabuwa, ka san guguwar farkon damina, yadda takan karyo busasshen reshen maɗaci bisa kan masu talla. To, ka sa a datse shi tun da rani, amma ba ran kasuwa ba. A fara sara ta ƙasa, sa'an nan ta bisa, don kada ɓawo ya yage. Kada a bar dungu, gama nan gara ke shiga. Reshen da kauci ya kama, a cire shi, ruwan itacen yake sha. Makiyayi kuwa, hana shi aske itace ƙwal saboda shanu.