Wat 3000 a Jikin Kwali, Warin Roba a Ƙarƙashin Kujera

Akwai wata tambaya da na gaji da jin ta a shagunan kayan sautin mota: "Oga, wat nawa ce?" Saurayi zai sayi mota ko ya karɓi adaidaita sahu, mako bai zagayo ba ya kwashi kuɗin da ya kamata ya canza taya da su ya nufi kasuwa neman amfilifaya da wufa. Ba ruwansa da komai sai wannan tambayar. Mai shago ya juyo masa da kwali, ga lamba ɓaro-ɓaro da jan rubutu, 3000W, wani lokacin har 5000W, shi ke nan ciniki ya faɗa. Kafin wata biyu sifika ta fara ƙarar gwangwani, batir ya fara kwana ya tashi babu wuta, wani kuma yana cikin tafiya warin roba ya taso masa daga ƙarƙashin kujera. Maimakon a tsaya a binciki dalili, sai a yanke hukuncin cewa kayan ne ba su da ƙarfi, a koma a sayo mai lambar da ta fi waccan girma.

Kayan sautin mota dai kashi uku ne: rediyon da ke dashbod, amfilifaya mai ƙara wa sautin ƙarfi, da sifikoki masu fitar da shi, manya na bas, wato wufa, da ƙanana na siririn sauti. Wat kuwa ma'aunin ƙarfin lantarki ne. Wannan ya isa. Inda ake cutar mutane shi ne wajen lambar nan ta jikin kwali, don haka a nan zan daɗe.

Iri biyu na lamba masu ƙera kaya suke rubutawa. Akwai wadda ake sa wa RMS, wato ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a kai a kai, waƙa bayan waƙa, ba tare da sautin ya gurɓace ba. Akwai kuma wadda ake sa wa MAX ko PMPO, ita ce ake bugawa da manyan haruffa. Bambancinsu kamar ɗan dako ne da ya iya cira buhu uku daga ƙasa na ƙiftawar ido, alhali buhu ɗaya kaɗai zai iya kai maka tasha. Kai da za ka biya shi, wanda zai kai tasha ne ya dame ka. PMPO ma ta fi haka muni, domin babu wata ƙa'idar auna ta da kowa ya yarda da ita. Kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Saboda irin wannan ruɗu ne hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka tun 1974 kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifayar gida, daga baya kuma masu sana'ar kayan lantarki na can suka fito da ma'aunin CEA-2006, wanda yanzu ake kira CTA-2006, domin ta mota. A wannan ma'aunin ana gwada amfilifaya ne da wutar bolt 14.4, da sifika mai om 4, kuma gurɓatar sautin kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Idan ka ga wannan tambarin a kan kaya na asali, lambar da ke kusa da shi abar dogaro ce, kuma za ka tarar ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da ta jan rubutun.

Ba sai ka yi karatun injiniya ba kafin ka kama ƙaryar da hannunka. Juya amfilifayar ka duba fiyus ɗin da ke jikinta. A ce an rubuta 30, wato amfiya 30. Mota idan injin yana aiki wutarta kusan bolt 14.4 ce. Ninka 30 sau 14.4, ka sami wat 432. Wannan ita ce wutar da ke shiga, ba wadda ke fita zuwa sifika ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Irin amfilifayar da ake kira aji AB tana ɓatar da kusan rabi, ita kuwa aji D tana iya fitar da kamar kashi 80 cikin 100. Ke nan abin da za ka samu bai wuce wat 220 zuwa 350 ba. To ina 3000 ta fito? Kafin amfilifaya ta ba da wat 3000 na gaske sai ta ja fiye da amfiya 200, ninki bakwai na abin da fiyus ɗinta zai ɗauka. Gaskiya ne fiyus yakan jure ɗan abin da ya haura lambarsa na ɗan lokaci, amma ba ninki bakwai ba. Altanetar yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu ba ta wuce amfiya 70 zuwa 120 ba, kuma daga cikinta fitilu, fanka, famfon mai da na'urar sanyaya mota suke sha. Balle adaidaita sahu da ɗan batirinsa. Hatta rediyon dashbod da ake rubuta wa 50W x 4, ainihin abin da yake bai wa kowace sifika yana tsakanin wat 15 da 22 ne.

A ce ma lambar gaskiya ce, kunne ba ya lissafi irin na kwali. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 100 zuwa 200, ƙarin da za a samu desibel 3 ne kacal, abin da za ka ji ka ce "e, ya ɗan ƙaru". Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu, sai an ninka wat kusan sau goma. Sannan akwai wata lamba da ba wanda ke tambayarta a shago, ta yadda sifika ke mayar da wuta zuwa sauti, ana rubuta ta da dB. Sifika mai 90 tana ba da ƙarar da mai 87 za ta bayar da rabin wutar da waccan za ta ci. Mai hankali wannan lambar zai nema, domin a nan ake samun ƙara ba tare da an wahalar da batir ba.

Wasu kuma sun tafi ɗaya gefen, suna cewa gara a sa ƙaramar amfilifaya don kada sifika ta ƙone. Su ma ba su tsira ba. Abin da ke ƙone sifika zafi ne a cikin siririyar wayar da aka nannaɗe a tsakiyarta. Amfilifayar da ta fi ƙarfin sifika za ta iya jawo wannan, babu musu. Amma ƙaramar amfilifayar da aka murɗe har ƙarshe ita ma tana jawowa, domin idan ta kai maƙura sai ta fara gutsure saman sautin, bas ya koma kamar ana yaga takarda, wutar da ke shiga sifika ta daina samun hutu, ƙananan sifikokin nan na siririn sauti su ne ke fara mutuwa. Mafi yawan lokaci tushen matsalar wani ɗan maɓalli ne a jikin amfilifaya da aka rubuta wa GAIN. Mai haɗin zai murɗe shi har ƙarshe don maigida ya ji ƙara ya biya da farin ciki. Aikin maɓallin nan daidaita amfilifaya da ƙarfin da ke fitowa daga rediyo ne, sau ɗaya ake saita shi a bar shi. A sauke shi ƙasa, a ɗaga ƙarar rediyo zuwa kamar kashi uku cikin huɗu, sannan a riƙa ɗaga shi a hankali har a ji sautin ya fara dusashewa, sai a koma baya kaɗan.

Jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, da ƙurar hunturu, da ruwan wankin mota da ke shiga ƙofa, su ma suna kashe sifika.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba asarar kuɗin sifika ba ne, wayarin ne. Mutum zai kashe dubbai a kan amfilifaya, idan aka zo kan waya sai ya fara ciniki kamar ransa zai fita. Wayar da ke tashi daga batir ta ratsa mota har zuwa but tana ɗauke da wutar da za ta iya narkar da ƙarfe idan ta taɓa bodi. Dole a sa mata fiyus nata na daban, kusa da batir, kada tazarar ta wuce kamar santimita 45. Fiyus ɗin jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa, ba ya kare doguwar wayar da ta kwanta a ƙarƙashin kafet da kujerun da 'ya'yanka ke zaune a kai. Wannan ɗabi'a da wasu 'yan rewaya suke yi, idan fiyus ya ƙone su nannaɗa siririyar waya ko takardar ƙyalli a madadinsa su ce "je ka, ya yi", wallahi ganganci ne da rayukan mutane. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Ya ƙone ne don wani abu ya lalace, kuma da bai ƙone ba wayar ce za ta kama. A nemo dalilin, a mayar da fiyus mai lamba daidai da na da, ba wanda ya fi shi ba.

Kaurin waya ma a kula. Lambarta tana raguwa ne yayin da kaurinta ke ƙaruwa: mai lamba 4 ta fi mai lamba 8 kauri. Ƙaramar amfilifaya mai wat ɗari biyu ko uku na gaske mai lamba 8 ta ishe ta, idan ta haura haka sai a koma 4. Kada kaurin robar waje ya ruɗe ka, sa a fere maka bakin wayar ka ga abin da ke ciki. Da yawa daga cikin masu araha alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, idan ka kankare za ka ga fari. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da ita yake iya wucewa da ita, don haka ya fi saurin ɗaukar zafi. Inda wayar za ta ratsa ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, a tabbata akwai zoben roba a ramin, domin girgizar hanyoyinmu a hankali take yanka waya. Wayar da ake ɗaurewa a bodi ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta batir, a kankare fenti a ɗaure ta a tsurar ƙarfe. Wayoyin da ke ɗauko sauti daga rediyo su bi ɗaya gefen motar, nesa da ta wuta, in ba haka ba za ka riƙa jin wani siririn kuka da ke tashi duk lokacin da ka taka totur. Kafin a taɓa komai kuma a cire kan batir na gefen da ke da alamar ragi.

Sai batun om. Yawancin sifikokin mota om 4 ne. Idan aka haɗa biyu a baki ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 2, amfilifaya za ta ja wuta kusan ninki biyu. Wata an yi ta don ta ɗauki haka, wata kuwa za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa har ta mutu. A duba abin da aka rubuta a jikinta kafin a jibga mata sifikoki huɗu. A kuma bar mata iska. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafin waje kansa yana haura digiri 40, but ɗin motar da ta wuni a rana ya fi haka nesa ba kusa ba, sannan a zo a rufe amfilifaya da darduma da buhun kaya.

Idan ka ga fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da bas ya buga, motar ce ke faɗa maka altaneta ta gaza. Kwalbar nan mai lambobi masu haske da ake sayarwa a ce tana ƙara wuta, ajiyar ɗan lokaci kawai take yi, ba ta samar da ko amfiya ɗaya.

Shawarata ga mai son sauti mai daɗi ita ce ya fara da canza sifikokin ƙofofin gaba da na kirki, ya sa a ɗaure su da kyau, a toshe abin da ke kaɗawa a cikin ƙofar. Mutane da yawa idan suka ji bambancin nan ba sa ƙara neman komai. Wanda bai gamsu ba ya ƙara amfilifaya mai wat 50 zuwa 75 na RMS ga kowace sifika, daidai da abin da sifikar za ta ɗauka. Wufa ita ce ta ƙarshe, kuma sai da akwatin da aka yi daidai da girmanta.

Saura kunnenka, da na bayin Allah da ke tare da kai. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har idan aka kai 100 abin da ya rage minti 15 ne. Wufa a rufaffiyar mota tana wuce 100 cikin sauƙi. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu karɓar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Direban adaidaita da ke wuni da sifika a bayan ƙeyarsa ba ya jin hon, ba ya jin jiniyar motar asibiti, ba ya jin fasinja na cewa "akwai". Ya ɗauko tsohuwa da mai jego da jariri, ya wuce ƙofar masallaci ana salla, ya wuce asibiti, gilasan gidajen mutane na kaɗawa, wai shi birgewa. Kuɗinka ne ka sayi kayan, amma kunnuwan unguwa ba naka ba ne, kuma haƙƙin maƙwabci da na fasinja abin tambaya ne gobe.

Don haka, ɗan'uwa, idan ka shiga shago ka bar tambayar wat nawa ne a kwali. Ka ce a nuna maka RMS, ka juya ka karanta fiyus, ka sa a fere maka waya. Ku kuma 'yan rewaya, don girman Allah, kada motar kowa ta bar garejinku da wayar batir babu fiyus a kanta, ko da maigidan ya ce ba zai biya kuɗinsa ba.